Shekara Ashirin da Shida a Garken Jiminun Madugu Kyari

Zuwa ga Maigida Mamman Lawan, ɗan marigayi Madugu Kyari, mai garken jiminu na Falanko.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da barorinka da dukan abin da Allah ya ba ka kiwo. A gaishe mini da Iya, mahaifiyarka, a ce mata Dije matata ma tana gaishe ta.

Ni ne Sha'aibu ɗan Manzo, wanda mutanen Falanko ke kira Maijimina, kai kuma kake kira Baba Sha'aibu tun bakinka bai iya faɗin sunan daidai ba. Daga Belbeji nake wannan magana, a gidan surukina mijin 'yata Hajo, inda nake zaune tun bayan ƙaramar salla. Karatuna bai wuce allo ba, don haka Malam Habu na nan unguwar ne ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa. Na sa ya yi takarda biyu. Ɗaya za a ba ka hannu da hannu. Ɗayar liman zai karanta ranar kasuwar Falanko, a gaban dattawa da madugai da duk mai ɗaukar mutane aiki. Wallahi ba haka na so ba. Sau uku cikin azumi aka ɗora ni kan jaki daga ɗakina aka kai ni ƙofar zaurenka. Na farko aka ce kana hutawa, na biyu aka ce kana da baƙi daga Damagaram, na uku aka ce wakilinka ya riga ya gama maganata. Da ka ba ni zama ɗaya, da babu wanda zai ji wannan sai ni da kai.

Tun yanzu in faɗa don kada a ɗauke ni mai biyan bashi: gidanku bai riƙe mini ko zangarniya ɗaya ba. Geron bara an auna mini shi cif. Maganata a kan yadda ake ɗaukar mutum aiki ne a gidan, da yadda ake riƙe shi, da yadda ake rabuwa da shi.

Na farko, yadda mahaifinka ya ɗauke ni.

Ubana maharbi ne a dajin arewacin Tanout, shi ya koya mini kama 'yan jiminu. Wata bazara na kawo guda huɗu cikin kwando kasuwar Falanko. Rana ta yi zafi, babu inuwa, sai na tuɓe rigata na rufa musu, ni na zauna a rana. Madugu Kyari ya zo wucewa ya tsaya yana kallona. Bai taya tsuntsayen ba, sai ya ce, "Samari, kai da su wa ya fi tsada?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni in na sha rana zan tashi, su ba za su tashi ba." Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya saye su duka, ya ce in zo gidansa da safe.

Da safe a gindin aduwar nan ta ƙofar gidanku ya kira shaidu biyu, Liman Gambo, Allah ya ji ƙansa, da Tanimu maƙeri, wanda har yau yana raye yana kuma da hankalinsa. A gabansu ya faɗi aikin: kiwon jiminu, da figarsu, da gyaran shinge. Ya faɗi abin da ba ya cikin aikin: ba za a tura ni jan ruwan raƙuma ba, ba kuma za a sa ni noman gonarsa ba sai ranar gayya in na ga dama. Ya faɗi lada: dami ashirin na gero kowace kaka, riga da wando kowace ƙaramar salla, da ɗaki da gona a bayan garke. Da ya zo kan ɗakin da gonar sai ya ɗaga murya ya ce, "Naka ne muddin kana aikin, naka ne kuma ranar da ƙarfinka ya ƙare a kan aikin." Ya sa na maimaita duk abin da ya faɗa, don a tabbata abin da ya fito bakinsa shi ya shiga kunnena. Sannan aka yi fatiha, aka raba goro.

Ba ni kaɗai aka yi wa haka ba. Duk wanda ya shiga aikin gidan a zamaninsa, ko na kwana goma ne, sai an zauna da shi a gaban shaidu. Yau wakilinka Barma, wanda ka ɗauko daga Damagaram bayan rasuwar Madugu, a tsaye yake ɗaukar mutane a bakin hanya. Mutum bai san aikinsa ba, bai san ladansa ba sai ranar biya. Agali Ba'asbine, abokin aikina na shekara goma sha ɗaya, don tsuntsaye aka ɗauke shi, amma yanzu shi ne mai jan ruwa, shi ne mai saran ƙaya, shi ne ɗan aike zuwa Tanout. In ya yi magana a ce masa ai abincin gidan yake ci.

Na biyu, jin maganar wanda ya san aikin.

Mahaifinka ya san raƙumi, ya san hanyar Agadas kamar tsakar gidansa, ya san farashin gashin jimina a bakin Larabawan Gadamas. Amma bai taɓa cewa ya fi ni sanin tsuntsun ba. Kafin kowace figa sai ya tako da ƙafarsa zuwa garke, ya jingina da shinge ya ce, "Maijimina, sun yarda ko ba su yarda ba?" In na ce sun yarda, a sa rana. In na ce a dakata, a dakata.

Akwai shekarar da wani Balarabe ya matsa masa, ayari zai tashi cikin kwana biyar, ya ƙara masa farashi. Na ce mazan ƙafafunsu sun yi ja, wuyansu ya yi ja, lokacin barbara ne, duk wanda ya shiga ya kama su a haka ya sayar da ransa. Madugu ya yi fushi ƙwarai. Ya kira ni mai taurin kai a gaban mutane, ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwata, don shi ma mutum ne mai zafin rai, ba zan ɓoye ba. Amma bai sa an shiga garken ba. Ayarin ya tafi ba gashinmu. A rana ta uku ya aiko mini da ƙwaryar nono da fura, aka ci gaba da zama.

Ban sani ba ko kana tuna ranakun figa na wancan zamani. Mutum shida ke shiga garke. Ɗaya ya jefa wa tsuntsu burgami, jakar fata, a ka don ya daina gani ya natsu, huɗu su riƙe, ni in tsige. Ba ma taɓa gashin da bai nuna ba. In an gama a shafa wa wurin mai, a sake shi ya ruga yana rangaji, mutane na dariya. Mata na daka a tsakar gida tun hantsi, ana dafa ɗan akuya. Da la'asar a shimfiɗa tabarmi a zaure, a ware farin gashi dabam, baƙi dabam, na mata mai ruwan toka dabam, mahaifinka na zaune yana ɗaga kowane fari yana hura shi ya ga yadda zai kwanta. Garken ya kai tsuntsu talatin da ɗaya a lokacin. Har daga Belbeji ake zuwa kallo. In ka shiga kasuwa ka ce a gidan Madugu Kyari kake aiki, mahauci ma sai ya ƙara maka tsoka. Cikin shekara ashirin da uku da na yi da shi, babu wanda ya karye a garken nan, babu tsuntsun da ya mutu a hannun masu figa.

Na uku, abin da ya faru a kakar da ta wuce.

Kwana goma bayan an gama ɗaurin gero, ranar Litinin, Barma ya zo garke ya ce gobe za a fige mazan nan bakwai, saboda ayari zai tashi. Kai kana Damagaram. Na nuna masa ƙafafun babban namijin da muke kira Ɗan Asbin, sun yi ja wur. Na gaya masa abin da na gaya wa mahaifinka a wancan karo. Ya ce, "Tsoho, zamanin tatsuniya ya wuce. Ko a fige su gobe, ko ka nemi wani gidan." Na ce to a ba ni mutum shida. Ya ce sauran suna ɗaurin kaya, mu uku mun isa: ni da Agali da wani ɗan ƙodago da aka ɗauka shekaranjiya, wanda bai taɓa tsayawa kusa da jimina ba. Agali na tsaye, da kunnensa ya ji duk wannan.

Laifina a nan guda biyu ne, kuma zan faɗe su da bakina. Na ɗaya, na gaya wa Barma baƙar magana a gaban mutane, na ce wanda bai san gaban jimina da bayanta ba shi ke ba da umarni. Bai kamata ba, don wakilinka ne. Na biyu, na shiga garken. Da na ƙi. Tsoron rasa ɗakina ne ya shigar da ni.

Ranar Talata da hantsi muka gama biyu lafiya. Da muka zo kan Ɗan Asbin, Agali ya sa masa burgami, sabon mutumin ya riƙe fiffiken hagu. Tsuntsun ya yi wata girgiza, sabon ya tsorata ya saki, burgamin ya zame. Ina gabansa. Harbi ɗaya ya yi mini a cinyar dama, na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafin. Ya tsallake ni ya afka wa shinge, ƙafarsa ta shiga tsakanin itatuwa ta karye. Dole aka yanka shi kafin azahar. Ni na kama shi yana ɗan tsako, shekara goma sha huɗu ina ba shi harawa da guna da hannuna. Ina kwance a ƙasa ina jin ana yanka shi, ban san wanne ya fi yi mini ciwo ba.

Na huɗu, jinya.

A zamanin Madugu, wanda ya ji ciwo a kan aiki majinyacin gidan ne. Shekarar da raƙumi ya kayar da Ilu mai ɗaurin kaya ya gurɗe a kafaɗa, mahaifinka da kansa ya je ɗakinsa da kwalbar man jimina, ya zauna a bakin gado yana masa ba'a har Ilu ya yi dariya yana hawaye. Kullum akushin tuwo na fita daga cikin gida zuwa wurin iyalinsa har ya warke. Da kafaɗar ta ƙi ɗaukar nauyi, aka mai da shi tsaron rumbuna, a nan ya tsufa, a nan ya rasu.

Ni kuwa Agali ne ya ɗauke ni a bayansa ya kai ni ɗaki. Dije ta sayar da awakinta biyu aka ɗauko maɗori daga Belbeji. Ya ɗora ƙashin, amma ya gaya mini gaskiya, ƙafar za ta gajarce, ba zan ƙara gudu ba. Na yi kwana arba'in a kwance, tsakanin ɗakina da zaurenka bai fi taku ɗari biyu ba. Ka dawo daga Damagaram a kwana na goma sha biyu, na ji kukan raƙumanka. Kullum in na ji motsi a ƙofa sai in ce wa Dije ta gyara tabarma, Lawan ne. Iya kaɗai ce ta aiko da kunu sau biyu a ɓoye, Allah ya saka mata da alheri.

Na biyar, yadda aka sallame ni.

Mahaifinka ya kori mutane, ban ce bai kora ba. Amma yana da hanyarsa, kowa kuma ya san ta. Da farko ya kira mutum su biyu ya yi masa faɗa. In ya sake, ya kira shi gaban shaida. In ya sake, a rabu, amma sai bayan kaka, da guzurinsa, don kada a jefa mai iyali cikin yunwa. Kuma ko me aka ce mutum ya yi, sai ya ji ta bakinsa. An taɓa kama wani da farin gashi uku a cikin wandonsa, kowa na cewa a kai shi gaban alƙali. Madugu ya ce a bari ya yi magana. Ashe matarsa ce ta haihu, ba shi da abin suna. Madugu ya karɓi gashinsa, ya ba mutumin rago, ya kuma sallame shi bayan kaka, ya ce ba ya iya ajiye hannun da ya riga ya saba. Mutumin ya tafi yana kuka, amma har ya mutu bai zagi gidanku ba.

Ni a kwana na arba'in da ɗaya Barma ya tsaya a ƙofar ɗakina, ko takalmi bai tuɓe ba. Ya ce, "Maigida ya ce sakacinka ya kashe masa tsuntsun da ya fi kowane daraja. An yafe maka kuɗinsa, amma aiki ya ƙare. Ɗakin da gonar ana bukatarsu kafin ƙaramar salla." Dije ta ce, "Malam Barma, mutumin da ko tsayuwa bai iya ba, ina za shi?" Ya ce ba shi ya aiko kansa ba.

Maigida, ba a tambaye ni ba. Ba a tambayi Agali ba. Wanda ya ba da umarnin shi ya kai maka labarin, shi ya kawo hukuncin. Kalmar sakaci kuwa ta riga ni shiga kasuwa. Wani mai jiminu biyar a nan Belbeji ya so in riƙa duba masa su daga zaune, sai aka gaya masa ni ne tsohon da ya kashe tsuntsun gidan Madugu, ya fasa. Ƙafa na rasa a garkenku, wannan na bar wa Allah. Sunan da na yi shekara ashirin da shida ina tarawa ne ban yarda in rasa a kan ƙarya ba.

Na shida, ɗakin da gonar.

Kwana uku bayan salla muka tashi. Surukina ya zo da jakuna biyu. Abin da muka tara duk zamanmu bai cika su ba: tukwane, turmi, tabarmi, buhun gero, da sandar da nake kora tsuntsaye da ita, wadda yanzu nake dogarawa. A ɗakin nan Dije ta haifi 'ya'ya shida, uku suna kwance a maƙabartar Falanko. Gonar da aka ba ni fako ce, ni na kai mata kashin jimina kwando kwando har ta zama tana ba da dami goma sha biyar. Magaryar da ke bakin ƙofa Dije ta shuka ta shekarar da aka haifi Hajo. Da za mu fita ta tsaya tana tsinkar 'ya'yanta tana zubawa a gefen zane, na ce mata ta bari mu tafi, ta ce ai dai waɗannan ba na gidan Madugu ba ne.

Hanyar ta bi ta gefen garke. Tsuntsayen suka taso gaba ɗaya suka jeru a bakin shinge, suna miƙo wuya, don lokacin ba su abinci ne kuma sun ga ni. Agali ya juya baya ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Kwana biyu muka yi a hanya saboda ƙafar.

Surukina mutumin kirki ne, bai taɓa nuna mini gajiya ba. Amma ka san nauyin da ke kan namiji in ya zauna a gidan mijin 'yarsa, yana jira a miƙo masa tuwo. Har yau asuba na yi sai in farka in laluba sanda, sai na tuna babu inda za ni.

Ban jahilci halin da ake ciki ba. Na san Larabawa ba sa sayen gashi yadda suke saye a da. Na san tun shekarar annobar shanu komai ya yi tsada, tun da Barno ta rikice kuma hanyoyi ba su da tabbas. Na san garken ya ragu zuwa goma sha tara, ga gida mai yawan baki da aka bar maka kana da ƙuruciya. Da ka kira ni ka ce, Baba Sha'aibu, gidan ba ya iya ɗaukar dami ashirin, da na ce ka ba ni goma. Da ka ce ƙafarka ta tafi, ka zauna ka koya wa wani, da na koya masa da farin ciki. Ni na ɗora ka a wuyana ka fara leƙa garken nan. Ban taɓa zaton akwai maganar da za ta gagara tsakanina da kai ba.

Ku kuma dattawa da madugai da masu gonaki da kuke sauraro, ba don in kunyata ɗan Madugu na sa a karanta wannan ba. Abin da ya same ni yana samun mutane a gidaje da yawa yanzu, daga Falanko har Tanout, sai dai su ba su sami mai rubuta musu ba. Malamai sun fi ni sanin abin da littafi ya ce a kan wanda aka ɗauka aiki da wanda ya ɗauke shi, ku tambaye su. Ni abin da na gani da idona na sani. Na ga gidan da ake faɗa wa mutum aikinsa da ladansa a gaban shaidu, ake jin maganarsa a kan abin da ya sani, ake jinyarsa in ya faɗi, ake jin ta bakinsa kafin a yanke masa hukunci. Gidan nan bai talauce ba. Mutane rububin shiga cikinsa suke yi, ayarinsa kuma bai taɓa rasa masu rakiya ba ko a shekarar tsoro.

Saboda haka, Maigida, ga abin da nake roƙo.

Ka sa rana kafin babbar salla, ka zauna da liman da Tanimu maƙeri, a kira ni, a kira Agali, a kira Barma, kowa ya faɗi abin da ya faru ranar Litinin da ranar Talata. Ka ba Agali amana cewa gaskiyar da zai faɗa ba za ta ci aikinsa ba, don yana da 'ya'ya huɗu. In aka samu sakacina ne, zan nemi gafararka a gaban kowa in koma Belbeji in yi shiru. In ba a samu ba, ka faɗa da bakinka a kasuwar da aka ɓata ni.

Ka tambayi Tanimu abin da mahaifinka ya ce a kan ɗakin da gonar. In ya tabbatar, ka cika wa mamaci alkawarinsa tun ruwa bai sauka ba, don Dije ta samu ta yi shuka. In ɗakin ya riga ya shiga hannun wani mai iyali, kada a fitar da shi saboda ni, na san ɗacin abin. A ba ni wuri a gefe, surukina zai kafa mini bukka.

Ka zauna da mutanen da suka rage a gidan, ɗaya bayan ɗaya, a gaban shaidu, kowa ya ji aikinsa da ladansa. Kada a ƙara shiga garke da ƙasa da mutum shida, kada kuma a ƙara figa mazan suna ja, ko wane ayari ne zai tashi. Sabon mutumin nan da ya saki fiffike kada a riƙe shi da laifi, ba a koya masa ba aka tura shi.

Barma ban roƙi a kore shi ba. In za a yi masa hukunci, a ji ta bakinsa tukuna. Baƙar maganar da na gaya masa kuma ina neman ya yafe mini.

Akwai kuma abin da ba zai jira zaman shari'a ba. Agali ya aiko mini cewa 'yan tsaki tara aka ƙyanƙyashe da sanyin bana, kuma har yanzu a fili suke kwana. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ɗan jiminar da bai yi gashin kirki ba, in ruwan farko ya dake shi ya kwana a jiƙe, ba ya kai kwana uku. A yi musu rumfa mai rufin zana a kan tudun yamma, a zuba yashi busasshe a ƙasa, kada kuma a bar su su cika ciki da sabuwar ciyawa a kwanakin farko, tana sa su zawo. Wannan ko ka amsa mini sauran ko ba ka amsa ba, don Allah a yi shi cikin makon nan.

Allah ya ji ƙan Madugu Kyari, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da alherin da ya yi mana. Allah ya ba Iya lafiya da tsawon rai. Kai kuma Allah ya yi maka jagora, ya tsare ayarinka a tafiya da dawowa, ya albarkaci garkenka da zuriyarka, ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya, ya sa ka gama da duniya babu haƙƙin kowa a wuyanka. Ban riƙe ka da mugun nufi ba, ko a ranar da na fi jin zafi ban iya yi maka mugun baki ba.

Ina nan gidan Hajo a Belbeji, kusa da rijiyar arewa. Duk wanda ka aiko zai same ni a zaune.

Wassalam.

Ni ne baran mahaifinka,
Sha'aibu ɗan Manzo, Maijimina.